Kawu Cindo Ya Kai Mu Kallon Ƙwallo

Mu shida ne a gidanmu na Kwarin Gauta. Akwai Babanmu Sallau, tela a bakin tasha, wanda in Asabar ta yi yakan ajiye almakashi ya sa safar hannu, don shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar garinmu da ke buga gasar ƙananan ƙungiyoyi ta shiyya. Akwai Innarmu Tasalla. Sai mu uku: ni Nafi'u, lokacin ina da shekara takwas, ƙanwata Rumasa'u mai shida, da autanmu Lurwanu mai uku. Cikon na shida shi ne Kawu Cindo, ƙanen Inna, ƙato mai faɗin kafaɗa, buhun masara ba ya ba shi wahala. Abu ɗaya ne da shi: yadda ka ajiye magana haka zai ɗauke ta, ba ya leƙa ƙarƙashinta. Inna takan ce, "Cindo ba ya ƙarya, ba ya ƙin aike. Kai dai ka tauna maganarka kafin ka miƙa masa."

Mun daɗe muna damun Inna da kuka muna son mu ga Baba yana kama ƙwallo. Ita ba ta zuwa fili, Baba kuwa yana cikin raga, to wa zai kai mu in ba Kawu ba?

Wata rana Inna ta gaji ta yarda. Ta yi mana wanka, ta shafe mu da mai, ta kira Kawu ta ce, "Cindo, ga su nan. Kada ka ɗauke idonka daga kansu, ko ƙiftawa ban yarda ba."

Ya ce, "To, Yaya."

Filin namu na makarantar firamare ne, katangar bulo ta wajen raga ɗaya, sauran kewayen duk zana. A gindin katangar nan yara ke zama, manya su ɗare samanta. Kawu ya jera mu a ƙasa, ya juya wa fili baya, ya tsuguna gabanmu ya zuba mana ido. In na leƙa dama ya matso dama, in na leƙa hagu ya matso hagu. Muna jin ihu, muna jin usur, ba ma ganin komai sai fuskarsa. Can wani ya ɗaɗo ƙwallo ta sauka a ƙeyarsa, tim! Bai waiwaya ba. Hawaye na zuba daga idonsa saboda ƙin ƙiftawa.

Da yamma Baba ya shigo gida yana washe baki. "Kun ga yadda na tashi sama na kama ta ƙarshen nan?"

Rumasa'u ta ce, "Mu dai mun ga hancin Kawu. Akwai gashi uku a ciki."

Inna ta dafe kai ta ce daga yau Kawu ya zauna gefenmu kamar kowa, ya riƙa waiwayarmu kawai.

Wata rana kuma muna fili Kawu ya saya mana rake guda ɗaya. Ni na ce nawa ne gindin, don shi ne mai zaƙi. Rumasa'u ta ce nata ne. Muka kama ja, ita tana kuka, ni ina huci. Wani dattijo da ke kusa da mu, abin ya ishe shi, ya ce, "Kai, yaran nan sai dai alƙali ya raba ku."

Kawu ya ce, "Baba, ina alƙalin yake?"

Dattijon yana dariya ya nuna tsakiyar fili. "Ga shi can, mai baƙaƙen kaya da usur."

Kafin mutumin ya rufe baki Kawu ya saɓa Lurwanu a wuya, ya kama hannuna da na Rumasa'u, ya ratsa cikin 'yan wasa. Da ya isa gaban alƙalin wasa sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye rake a ƙasa. "Allah ya gafarta Malam, ƙara muka kawo."

Wasa ya tsaya. Alƙalin ya dube mu, ya dubi rake. Sai ya ɗauki raken ya karya a gwiwa, ya miƙa wa Rumasa'u gindin, ya ba ni kan. Sannan ya zaro jan kati ya ɗaga wa Kawu, ya nuna masa waje. Kawu ya miƙa hannu biyu zai karɓa, alƙali ya mayar da abinsa aljihu.

A hanyar gida mutane suna ta ce masa, "Cindo, yau an ba ka jan kati!"

Shi kuwa yana girgiza kai. "Bai ba ni ba fa. Nuna min kawai ya yi. Amma shari'arsa da adalci, ya tausaya wa mace."

Wata rana baƙi suka zo, cikinsu da wani siririn ɗan wasa mai gudu kamar barewa. Ana cikin wasa ya sulale bayan 'yan bayanmu tun ba a bugo masa ƙwallo ba, ya tsaya shi kaɗai gaban Baba. Duk fili ya ɗauka: "Satar gida! Satar gida!"

Kawu ya zabura. "Gidan wa?"

Wani ya ce, "Gidan Sallau mana, ba ka gani ba? Ga shi can mai lamba tara!"

Kawu ya damƙa min Lurwanu, ya kwarma ihu, "Ɓarawo!" ya faɗa fili. Mai lamba tara ya ga ƙato ya nufo shi, bai tsaya tambaya ba, ya zura da gudu. Suka zagaya fili sau biyu, suka keta zana, suka bi ta gonar gyaɗar hedimasta. A bakin rijiya Kawu ya cim masa, ya rungumo shi kamar ɗan akuya, ya kawo shi gaban Baba ya dire.

"Yaya Sallau, ga shi. Na laluba aljihunsa ban ga komai ba, wataƙila ya jefa a rijiya. Me ya ɗauka, keken ɗinki?"

Sai da Baba ya yi ta bai wa yaron haƙuri, washegari kuma ya ɗinka masa sabon wando, don nasa ya yage a zana.

Wata rana shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Mamuda mai kanti, ya bi gida gida yana shela. Ya tsaya ƙofar gidanmu ya ce, "Asabar ɗin nan in muka ci, saura wasa ɗaya mu haura babbar gasa. Kowa ya fito ya goya wa yaranmu baya." Kawu na zaune a dakali yana ji. Ran Asabar muka ga ya ƙunso wani abu a hammata, muka zaci tabarma ce. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci, 'yan wasanmu na shiga fili, sai ya warware ƙunshin, ashe zanin Inna ne da majanyin Lurwanu. Ya duba ya zaɓi mafi ƙanƙanta cikinsu, Ɗanjummai mai buga gefe, ya sure shi ya aza a baya, ya ja zani ya ɗaure tamau. Ɗanjummai na shure-shure, Kawu na jijjiga shi yana cewa, "Yi shiru, Alhaji ne ya ce. In na gama da kai sai na gaba."

Kafin a kwance shi an buga minti biyar muna da mutum goma, aka kuma jefa wa Baba ƙwallo ɗaya. Allah ya taimaka muka rama biyu. Duk da haka Alhaji Mamuda ya zo gida da kansa ya ce in ya ƙara ganin ƙafar Cindo a fili, to Sallau ya nemi wata ƙungiyar. Inna ta ce shi ke nan, an gama zuwa kallo.

Kawu bai yi musu ba. Ya koma zaure ya zauna. Kwana uku tuwonsa na dawowa da saura, mutumin da ke cin malmala huɗu. Lurwanu yakan je ya hau cinyarsa ya ce, "Kawu, ƙwallo," shi kuwa sai ya shafa kan yaron kawai. Baba ne ya kasa jurewa. Ya je kanti ya roƙi Alhaji, ya dawo ya roƙi Inna, ya ce wasan ƙarshe ne, yana so 'ya'yansa su gani. Aka yarda, bisa sharaɗin Kawu ba zai taka layin fili ba ko sama za ta faɗo.

Wata rana, ranar wasan ƙarshen ke nan, mutanen Tsaunin Gwaza suka zo mota biyu maƙil, da ganguna, har da yaransu. An sa wasan da an sauko azahar don baƙi su koma da rana. Tun safe gari ke lumshe da hadari. Inna ta tsayar da Kawu a soro ta ce, "Cindo, ka ji ni da kyau. Da ka ga wuri ya fara ɗaukar zafi, ka kwaso yara kaf ka kawo min gida. Kada ka bar ko ɗaya."

Ya ce, "To, Yaya."

Muka zauna gindin katanga, yara birjik, namu da na baƙi, manya sun cika samanta har ba wurin aza ƙafa. Na lura Kawu ba ƙwallo yake kallo ba. Jim kaɗan sai ya dafa katanga da tafin hannu, ya dafa ƙasa, ya ce, "Da saura." Can hadari ya waye, rana ta buɗe tarwai. Ana wajen rabin sa'a da farawa, ba wanda ya ci wani, Kawu ya dafa bulo ya janye hannu da sauri.

"Ya ɗauka! Ku tashi."

Na ce, "Kawu, ba wannan zafin take nufi ba!"

Ya ce, "Taɓa ka ji."

Ya miƙe ya buɗe murya: "Yaya Tasalla ta ce yara kaf su zo gida, kada a bar ko ɗaya!" To, duk Kwarin Gauta an san awarar da Inna ke soyawa da la'asar. Nan take magana ta zaga cewa sadakar awara ake yi. Yara suka yi caa suka miƙe, na baƙi ma suka bi sahu. Wanda ya noƙe Kawu ya ɗauke shi. Iyaye idonsu na kan ƙwallo, ba wanda ya lura. Ni ina tafe ina kuka, ina waiwayen Baba cikin raga, na rantse a zuciyata ba zan ƙara yi wa Kawu magana ba.

Inna ta ɗaga kai daga kasko ta ga tsakar gidanta cike da yara sun haura talatin, rabinsu ba ta taɓa ganinsu ba.

"Cindo! 'Ya'yan wa ka kwaso min?"

"Kin ce kaf, Yaya. Na leƙa har bayan ajin ƙarshe, ba saura."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga idanu sun yi mata zuru, ita da kaskonta. Ta ja tsaki, ta ɗauko babban faranti ta juye awarar da ta soya, ta barbaɗa yaji.

Muna cikin ci muka ji ihu daga wajen fili, ba irin na cin ƙwallo ba. Daga baya muka ji yadda aka yi. Alƙali ya ba baƙi bugun daga kai sai mai tsaron gida, Baba ya kama, alƙali ya ce a sake. Aka fara jifa, aka ruɗe da dambe, mutanen da ke kan katanga suka yunƙura gaba ɗaya za su diro, katangar ta kife ciki, daidai inda muke zaune. Mutum biyu sun karye, wasu sun kurje. Sai wata mata ta ga takalmin ɗanta a gefen bulo ta kwarma ihu, "Yara!" Faɗa ya mutu nan take. Namu da baƙi, da 'yan wasa, da alƙali, kowa ya duƙa yana ɗaga bulo da hannu. Baba har ya fasa farce. Suka kwashe kaf, ba su sami kowa ba sai takalma da ɓawon gyaɗa. Mai sayar da rake ne ya ce ya ga Cindo ya kora yara ya yi cikin gari.

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Baba ne ya fara faɗowa gida, da safar hannu ɗaya, ya tsaya yana haki yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya haɗa mu uku ya rungume, ƙirjinsa na bugawa a kunnena. Bayansa mutane suka cika gida, kowa na kiran sunan nasa. Wani mutumin Tsaunin Gwaza, goshinsa na jini, ya tsinci 'yarsa tana cin awara faranti ɗaya da Rumasa'u, ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka. Alhaji Mamuda ya ratso ya kama hannun Kawu da hannu biyu, ya yi ta jijjiga shi.

Kawu duk ya tsorata, ya zaci wani laifin ya sake yi. Ya matsa kusa da Inna ya ce a hankali, "Yaya, wallahi da zafi. Na taɓa."

Inna ta share ido da bakin zani, tana dariya tana kuka. "Na sani, Cindo. Allah ya yi maka albarka. Gobe ma ka ƙara."

Washegari da hantsi Inna na shara ta ji hayaniya a ƙofar gida. Ta leƙa, sai ga Kawu da yaran unguwa reras a bayansa, kowa da ɗan kwanonsa.

Ya ce, "Yaya, ga na gari. Na Tsaunin Gwaza sai na samu mota."

Inna ta dube shi, ta dubi yaran, tsintsiya a hannu. Sannan ta juya ciki ta ce, "Nafi'u, hura min wuta."