Wayar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban manyan kamfaninmu na tona wa kaina asiri, ba kuma da bakina ba.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, inda ake yin bokitai da butoci da kujeru. Ni ne mai kula da kwamfutoci (wato ni ake kira ko da fanka ce ta ƙi juyawa, tunda dai tana amfani da wuta). Muna da wata manhaja da fomanoni ke sa wa a wayoyinsu. Idan inji ya lalace sai su ɗauki hotonsa su tura wa injiniyoyi. A sababbin wayoyi tana aiki lafiya lau, amma a tsofaffi da zarar an taɓa wajen hoto sai ta mutu. Manaja ya ce in gano dalili, ni kuma da rawar kaina na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Akwai wata manhaja da muke kira dibaga. Aikinta ta zauna kusa da wadda ke mutuwa, ta sa mata ido, ta gaya maka daidai wurin da ta yi tuntuɓe. Matsalar ita ce wadda nake da ita ta kwamfuta ce, kuma ƙwaƙwalwar waya ba irin ta kwamfuta ba ce. Dole in zauna a kan kwamfutata in haɗa wata sabuwa da za ta dace da waya, kamar telan da zai ɗinka wa mutumin da bai zo ba riga, da awon da aka aiko masa kawai. Kuma kowace irin waya da nata awon.

To, wayar da ta fi kowace tsufa a kamfanin, wadda manhajar ta fi mutuwa a kanta, ta Malam Sule ce, foman ɗin ɓangaren bokitai. Dattijo ne ɗan Panshekara, mutumin kirki, amma wallahi ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Kuma shi ne mahaifin Bilki.

Bilki ƙawar ƙanwata ce, kuma mun daɗe da fahimtar juna ni da ita. Mahaifiyarta ta sani, shi ne bai sani ba. Ta sha ja mini kunne cewa Babansu ba ya son yaron da zai fara rawar ƙafa kafin manyansa su zo, ya taɓa korar wani da ya zo neman yayarta a kan haka, kuma idan ya ce a'a to magana ta mutu. Ta ce in bari ta gama jarrabawa, sannan in tura kawunnaina. Saboda haka kullum na hango shi a kamfani sai in canza hanya, in kuma ta kama dole, in durƙusa in gaishe shi kamar kowane yaro. Aron wayar ma ban iya zuwa da kaina ba, Manaja na roƙa ya karɓo mini.

Yanzu ga inda na haƙa wa kaina rami. Kwamfutar tawa ce ta kaina, kuma tun da na saye ta, inda ake sa sunan mai ita, na rubuta angon Bilki. (Kada ka yi mini dariya, kai ma na san abin da ka sa wa lambar wata a wayarka.) Sannan tunda kowace waya da foldarta, wato inda nake ajiye aikinta a kwamfutar, ni kuma ba na iya riƙe sunayen ƙwaƙwalen nan masu kama da lambar mota, sai na riƙa sa wa folda sunan mai wayar. Akwai wayar direba, akwai wayar mai gadi. Da na zo kan ta Malam Sule, shaiɗan ya rinjaye ni, na rubuta abin da ke raina. Wa zai gani? Folda ce a cikin folda a cikin kwamfutata.

Na sha wahala kafin abin ya haɗu. In gyara nan, can ya ɓalle. Da ƙyar dai wata safiya ya kammala ba tare da jan rubutu ba, na tura shi cikin wayar, na ga ya buɗe ya nuna sunansa. Murna ta hana ni gwada shi a kan manhajar da ke mutuwa. Na ruga na gaya wa Manaja an gama, shi kuma ya ce madalla, dama bayan azahar akwai taron fomanoni, sai in nuna musu.

Aka cika ɗakin taro. Na haɗa kwamfutata da babbar talabijin ɗin bango, na jona wayar da igiya. Malam Sule yana layin gaba, tunda wayarsa ce, ya sa tabarau ya naɗe hannu. Manaja ya ce in ƙara girman rubutun don na baya su gani, na ƙara har sai da kowane harafi ya kai girman cokali. Na yi dogon bayani, har da cewa yau za mu kama ɓarawon da hannu. Sai na danna.

Abin da ban sani ba shi ne, dibagar da aka haɗa a kwamfuta tana riƙe adireshin inda aka haɗa ta. Da ta fara aiki a cikin waya sai ta nemi wasu kayan aikinta a wancan adireshin, ba ta same su ba, sai ta yi ƙorafi, ta kuma rubuto adireshin gaba ɗaya don in taimaka mata. Duk allon Turanci ne da alamomi, wanda ba kowa zai damu da shi ba. Layi ɗaya ne kawai da Hausa, a tsakiya:

angon_bilki/aiki/wayar_surukina_mai_daure_fuska

Da na yi hankali da na zare igiyar. Amma hannuna ya riga kaina, na sake dannawa wai ko zai wuce. Ya sake fitowa. Na sake, ya sake. Kafin in farga allon ya cika da shi daga sama har ƙasa, kamar yaron da aka sa ya rubuta laifinsa a aji.

Wani a baya ya fara tari irin na wanda ke danne dariya. Wani foman kuma, Allah Ya shirye shi, ya karanta a fili a hankali, wai shi bai gane ba, wace Bilkin? Na kusa da shi ya zungure shi. Manaja ya sunkuyar da kai yana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Malam Sule ya gyara tabarau ya karanta, leɓensa na motsi. Sannan ya bi igiyar da ido tun daga kwamfutata har zuwa wayarsa.

"Wannan wayar da aka jona, ta waye?"

"Taku ce, Baba," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ya miƙe, ya zare wayarsa, ya sa a aljihu, ya yi wa Manaja sallama ya fita. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da yamma na kira Bilki na gaya mata. Ta tambaye ni ko a duk sunayen duniya wannan kaɗai na samu, ta kashe wayar. Gaskiya na tsorata. Zolayar da na sha a kamfani (har mai shayin bakin ƙofa ya koma kirana Ango) ba ta dame ni ba kamar tunanin cewa na rasa yarinyar nan saboda sunan folda.

Kwanaki suka wuce ina ɓuya a ofis. Dibagar na gyara ta cikin ƙanƙanin lokaci, ta kuma nuna mini matsalar: hoton ne ya yi wa tsofaffin wayoyi nauyi. Amma ko daɗin hakan ban ji ba.

Ranar wata Alhamis an tashi aiki, na fito sai ga Malam Sule tsaye kusa da babur ɗinsa, babu hanyar kaucewa. Na durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa. Ya bar ni a haka na ɗan lokaci, sannan ya ce shi a iya rayuwarsa ya ga an aiko kawu neman aure, ya ga an aiko liman, amma bai taɓa ganin an aiko talabijin ba.

"Ba ka da manya ne a gidanku?"

Na ce ina da su. Ya ce to su same shi a Panshekara ranar Asabar bayan la'asar. Ya hau babur, ya tayar, sai kuma ya waiwayo.

"Kuma fuskar nan haka Allah Ya yi ta. Sai ka fara sabawa."

Yau Bilki tana ɗakina, kuma surukina har yanzu bai yi mini murmushi ba, sai dai jikarsa yake yi wa idan yana zaton ba na kallo. Ni kuma na koyi darasi: duk abin da ba zan iya faɗa a gaban mutum ba, ba na gaya wa kwamfuta. Ita ba ta san kunyar suruki ba.