Filtar Tsohon Inji

Da maigidana Malam ya sa wa motarsa injin dizal na Benin, filtar baƙin mai ta gagara a Bagudo, ga shinkafar mutane tana jiran ɗauka. Zan je suna Dole Kaina, na ce ya bar min. Na ƙulle tsohuwar filta a gyale.

A can mai sayar da kayan mota ya ce, "Hajiya, wane inji aka sa ma motar?"

Na ce a raina, macuci, ya ga mace! Na dangwara masa tawa: "Irin wagga sak, ka ji tsoron Allah."

A gida bakanike ya jujjuya sabuwar da na sayo, ya dubi Malam: ashe ta injin da aka cire ce.

Har yau ko fitila ta lalace, Malam sai ya ce, "A kira Injiniya, ta taho da gyalenta."