Igiya Mai Numfashi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa zama ɗan fim. Muna karatu a Kalgo, abokina Bashar ya ce zai shirya fim ɗin ban tsoro, na macizai masu cinye ƙauye guda. Kyamara ta aro ce, jinin kuma zoɓo ne. Ya yi min alkawarin fitowa a matsayin jarumin da zai ceci garin, ni kuwa har na sanar da 'yan gidanmu a Gwandu.

Ana gobe ɗauka ya kira ni: "Ka taho muna da igiya baƙa mai kauri, wadda kowa ya gani sai gabanai ya faɗi."

To, a gidanmu ba a kiran sunan maciji. Kakata ta ce kiran sunansa gayyata ce, sai dai a ce igiya. Na ce a raina, ashe Bashar ma ɗan tarbiyya ne. Na bi kasuwa har na samo wani gardi mai wasa da macizai, Malam Ɗanjumma, da kwandonsa a rufe, muka shirya zai raka ni wurin ɗauka.

A wata gonar gero ta ƙauyen Ceberu aka kafa kyamara. Na ajiye kwandon inda aka nuna min (da taƙama, in faɗi gaskiya). Bashar ya umarci Hadiza, jarumar fim ɗin, ta buɗe ta ƙwalla ihu.

Ta buɗe. Kumurci ya miƙe, ya fasa kai.

Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Mai kyamara ya yar da ita ya tsallake kunya uku, Bashar ya haye bishiyar da ko reshen kirki babu. Ni kuwa ina tsaye ina tafi, ina cewa, "Madalla! Haka ake fim!" Abin da ya ɗaure min kai kawai, me ya sa mai ba da umarni ma yake wasan?

Daga sama ya daka min tsawa: "Kai mahaukacin ina ne? Igiyar ɗaurin akuya nic ce ma!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "To ai sai ka ce igiya." Ya ce ai ita ya ce.

Bayan an lallaɓo kowa, aka karɓe jarumtar daga hannuna aka ba Malam Ɗanjumma, tunda shi ne ya mayar da abin kwando. Ni kuwa aka ce in fito a matsayin gawa ta biyu. Tun ranar, ko guga aka aike ni saya wa igiya, sai na tambaya: mai numfashi ko maras numfashi?