Injin da Bai Son Murfi

Idan ana lissafa masana mota a ƙasar Mafara, Alhaji Falalu ake fara ambata, kuma galibi shi ne mai lissafin. Sana'arsa dillancin shanu, amma Allah ya hore masa ilmin ƙarfe ba tare da wahalar koyo ba. Daga nesa zai ji kukan mota ya faɗi ciwonta. In an buɗe an ga ba shi ba ne, sai ya yi bayani cewa ciwon ya ƙaura kafin a buɗe. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ba wanda ya yi masa gardama, don kowa na da aikin yi.

Yana da wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, wadda yake kira Gagara-Taɓo. Mutanen kara, wato kasuwar shanu, da yake ba su da ta ido, Sai-An-Tura suke ce mata. Ran nan a hanyar Jangebe injinta ya yi ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, ya tofar da hayaƙi, ya buga. Magulmata suka ce rabonta da baƙin mai tun waccan daminar. Alhaji ya ce baki ne ya kama ta, kuma ya san mai bakin.

Abin ya zo a mugun lokaci. Zaɓen shugaban ƙungiyar dillalan shanu ya gabato, Alhaji kuwa ya ƙwallafa rai a kujerar nan har ba ya iya cin tuwo da daɗi. Abokin takararsa Ɗayyabu ne, wani mai sanyin murya da bai mallaki komai ba sai babur. Kowa ya san inda dattawan wata tunga da ke bayan Faru suka karkata, nan ƙuri'a za ta bi, musamman babbansu, Baba Nagode. Hanyar tungar kuwa da damina sai mai ƙarfin hali. Alhaji ya riga ya dafa ƙirji a tsakiyar kara cewa shi zai ɗauko su da kansa, ƙafarsu ba za ta taɓa laka ba.

Sai ya aika aka sayo masa inji ɗan Kwatano, aka wanke shi tas yana ƙyalli. Da wani ne, da ya wuce da shi gareji kai tsaye, amma Alhaji ya san darajar baƙo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka ɗora injin a kai, aka jera kujeru. Jama'a suka yi ta zuwa barka da arziki, shi kuwa yana zagaye shi da sanda yana nuna sassansa, yana raɗa wa kowane sashe sunan da ya zo masa a baki.

Da ƙyar ya yarda Malami makanike ya ɗaura shi. Aka tayar, ya ɗauka lafiya lau. Malami ya kai hannu zai rufe bonet, sai Alhaji ya yi wuf ya riƙe shi.

"Mi kake yi haka, Malami? Wanga inji da munka sha wahala kansa, shi za ka rufe kamar abin sata? Cire murfin ga baki ɗaya. Jama'a na da haƙƙin gani."

Ya kuma lura da wani baƙin akwati mai tace iskar da inji ke shaƙa, wanda ya tare gefen da ya fi ƙyalli, yana kuma danne ruri. Ya ce shi ma a fitar. Malami ya daɗe da gane cewa duk wanda ya yi wa Alhaji musu sai ya sha lacca har rana ta faɗi. Ya ce gaskiya ne, Injiniya, ya kwance, ya jingine su a bango.

Haka Gagara-Taɓo ta shiga yaƙin neman zaɓe da cikinta a waje. A Bakura ya tsaya a bakin kasuwa, ya taka totur har awaki suka tsinke igiya. A Maradun ya hau kan taya ya yi jawabi, inda ya sanar cewa mutumin da ya iya farfaɗo da matacciyar mota ba zai kasa farfaɗo da ƙungiya ba. Wani mai sayar da gyaɗa ya tambaya, to in ruwa ya sauko fa? Alhaji ya dube shi da tausayi.

"Ɗan'uwa, wanga inji ƙasar ƙanƙara anka haife shi. Ruwan Zamfara wanka ne gare shi."

Ranar zaɓe ya isa tungar da hantsi, dattawa suka shiga da manyan rigunansu na zuwa taro, suna ta sa albarka. Da ya miƙe hanya a lokacin, da labarin ya ƙare da daɗi. Amma mutanen Faru ba su ga injin ba tukuna, kuma Alhaji ba mai tauye wa talaka haƙƙi ba ne. Ya tsaya ya buɗe sabon jawabi. Hadari ya taso daga gabas, Baba Nagode ya yi gyaran murya, ya sake yi, Alhaji ya ɗauka yabo ne ya ƙara tsawo.

Ruwa ya same su kafin su kai rafi. Da suka iso, rafin ya fara kawowa, ga masu babura sun fake ƙarƙashin wata tsamiya suna kallo. Ganin 'yan kallo ya sa Alhaji ya gyara hula, ya afka da gudu. Ruwa ya tashi ya rufe gaban motar, ya zarce cikin maƙogwaron injin da ba abin da ya tare shi. Injin ya yi tari, ya yi wata ƙara da Alhaji ya taɓa ji a hanyar Jangebe, ya yi shiru.

Nan Injiniya ya nuna ƙwarewar shugabanci. Ya umarci dattawan su sauka su tura, shi zai zauna, domin sitiyari sai masani. Tsofaffin bayin Allah suka naɗe riguna, suka shiga ruwa har gwiwa, suka yi ta nishi, mota ko motsi. Takalmin Baba Nagode ɗaya ya bi rafi. Tsohon ya tsaya ya daɗe yana kallon mutumin da ke zaune a bushe yana ba da umarni ta taga.

Masu baburan nan na gindin tsamiya 'yan kabu-kabu ne, kuma ɗayansu ya buga wa Ɗayyabu waya. Ɗayyabu ya ce su kwaso dattawan, shi zai biya. Da ruwa ya tsagaita suka goya su ɗaya bayan ɗaya, aka bar Alhaji da injinsa. Sai da la'asar wani manomi ya ɗaura wa motar shanun huɗa ya fitar da ita. Kunya ta kama Alhaji ƙwarai, ya kafa ido a gaba yana murza sitiyari kamar shi ke tuƙa shanun.

Kafin ya samu motar da ta kai shi Mafara, an gama zaɓe har an yi addu'a. Baba Nagode, da takalmin aro a ƙafa, ya ba da shawara kada a bar ilmin Alhaji ya tafi a banza. Nan take sabon shugaba Ɗayyabu ya naɗa shi Mai Ba da Shawara Kan Harkokin Sufuri. Jama'a suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Alhaji ya miƙe ya karɓa, ya ce dama ya san ƙungiya ba za ta iya tafiya ba shi ba.

Washegari ya kira mai fenti ya rubuta muƙamin da manyan baƙaƙe a ƙofar jif ɗin, wadda yanzu ke zaune kan duwatsu a bakin gidansa. Duk mai neman shawara kan sufuri, nan zai same shi kowace safiya, jingine da ita, yana ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu ya kai shi kara.