Yadda Ake Shanye Lita Biyu Ba Tare da An Jiƙa Maƙogwaro Ba

Tun da likita ya ciro mini tsakuwa daga ƙoda, ya ɗora mini shan ruwa lita biyu kullum, ban taɓa cika ko ɗaya ba. Ni mutumin shayi ne. Duk da haka, maiɗakina Hajiya Labiba tana karɓar kwalba wayam kowace magariba. Kai ma, ɗan'uwa, bi wannan tafarki, na lamunce maka nasara.

1. Ka tuhumi litar kanta

Kada ka yi gardama da ruwa, yi da ma'auni. Ka ce, "Hajiya, wace litar? Ta likita, ko ta masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba can mararrabar Godomey, wadda ɗan zemijan mai haya da babur zai zuba, babur ya mutu kafin Vêdoko?" Masu hikima sun ce abin da ake saɓani a kansa ba a haɗiye shi da gaggawa. Ni ne masu hikimar.

2. Ka riƙe kwalbar a bainar jama'a

Rungume ta kamar jikanka. Buɗe murfi, rufe, yi ajiyar zuciya, goge baki. Goge baki rabin sha ne.

3. Ka yawaita baƙi

Duk wanda ya leƙo shago, miƙa masa. Shayar da mai ƙishi sadaka ce, kuma ba a bin sadaka a ji cikin da ta shiga.

4. Ka nemi buta

Nan asirin yake. Juye sauran a buta, ka yi alwala. Ta karye ko ba ta karye ba, sabunta ta. Wace mace ce za ta hana mijinta alwala?

Sai dai a yi hattara, nawa ya wuce gona da iri har unguwarmu Zongo ta ɗauke ni waliyyi. Jiya liman ya yi tafiya, sai Mounkaïla mai goro ya cafke hannun rigata: "Alhaji, wuce gaba! Wa ya kai ka tsarki? Ko kifin ruwan Placodji bai kai ka jiƙa ba!" Haka na ja salla, kwiɓina na suka, zuciyata na sukan da ya fi shi.

5. Kada labari ya riga ka isa gida

Wannan matakin ban ƙware a kansa ba. Na tarar da Hajiya a tsakar gida, butata a hannunta, kwalba cike a gabanta.

"Sannu da zuwa, Liman. Ita dai wannan butar ba za ta taɓa yin tsakuwa ba. In an sake kwantar da kai asibiti, ita za ta yi jinyarka?"

Dariya take yi, amma idanunta sun ciko.

Togaciya

Mai wannan rubutu ba ya ɗauke da alhakin ƙodar kowa, balle limancin da ya faɗo wa mutum ba shiri. Wanda ya bi, shi da likitansa, shi da matarsa, shi da Mahaliccinsa. Ni dai a yi mini uzuri in ajiye alƙalami, ana bukatar hannun damana. Na yi bisimilla, Hajiya ta ɗora yatsa a tsakiyar kwalbar, ta ce kada in sauke sai ruwan ya wuce shi.