Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Teburin Bakin Ƙofa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da kuma wani ɗan haushi da bai dace a ambata a wurin makoki ba, mai buga takardu ta ofishin Barista tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar teburin bakin ƙofa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana tsakiyar aiki.

Kafin a shiga tarihin marigayiya, akwai wata magana da ta ƙi barin kunnen mai sanarwa. Wata uku da suka wuce ta kai wa Barista shayi, ta tarar ya juya kujera wajen taga yana waya da wani abokinsa lauya. Da kunnenta ta ji ya ce, "Ai wata tsohuwar kwamfuta gare mu, ita ke nemo mana komai. Yarinyar dannawa kawai take." Ta ajiye kofin a hankali don kada cokali ya yi ƙara, ta koma ta zauna gaban Gwaggo tana jiran ta musanta. Gwaggo ba ta musanta ba. Fankarta ma sai ta ƙara huci, kamar wadda aka yaba ta ji daɗi.

Duk da haka ba a zagin mamaci, don haka za a faɗi alherinta.

Marigayiya ta samu sunanta ne saboda yadda take tashi da safe. Sai an kunna ta, an share ofis, an goge tebur, sannan ta yi "ƙirrr, ƙirrr" kamar mai ciwon gwiwa, ta buɗe ido da "tiririn". Batirinta ya riga ta tafiya da shekara uku, shi ya sa ba ta rabuwa da caja. Haruffa huɗu sun goge a madannanta, amma yatsun da suka goge su sun san inda suke.

Shekara huɗu suka yi tare. Yadda aikin yake, Barista zai rubuta kalma ɗaya a guntun takarda ya cillo kan tebur yana wucewa, a nemo masa yadda kotu ta fassara ta. Mai sanarwa sakandare ta gama, babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Ranar farko da ta shiga taskar hukunce-hukunce ta intanet ta zuba kalmar haka tsirara, Gwaggo ta amayo mata shari'a dubu huɗu da wani abu. Mai sanarwa ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

A gaban Gwaggo ta gane cewa sai an kulle kalma da alamar zance kafin taskar ta daina kawo tarkace. A nan ta koyi fara duba manyan kotuna kafin ƙanana. A nan ta gane cewa daɗin magana a farkon shafi sau da yawa bakin lauya ne, abin da alƙali ya yanke yana can ƙasa, sai an jure an karanta har ƙarshe. Sau ɗaya ta kai wa Barista hukuncin da ashe kotun sama ta rushe shi tuntuni, ya sha kunya, ita ta sha faɗa. A ranar dai babu wanda ya ce laifin kwamfuta ne. Tun daga nan ba ta sake kai hukunci ba sai ta bi sawunsa ta tabbatar yana raye.

Lokacin da kowa ke fita cin abinci, ita tana nan da ƙamus a cinya. Duk kalmar da ta nemo sai ta shigar da ita wani fayil da ta sa wa suna Kalmomi: ga kalmar, ga kotun, ga shekarar, ga sakin layin, a ƙasa kuma ga bayani da Hausarta yadda ita ta fahimta. Sun haura ɗari uku. Barista ya hana a soka wa Gwaggo filashi tun wata cuta da ta taɓa shigowa ofis ta nan, mai sanarwa kuwa ba mai ƙetare magana ba ce. Saboda haka Kalmomi ba su da wani gida sai cikin Gwaggo.

Jinyar ajali ta fara ne da zazzaɓi. Jikinta ya riƙa zafi har ba a iya ɗora hannu, wani lokacin fuskarta ta yi shuɗi ta suma. Sau uku mai sanarwa ta tsaya bakin ƙofar Barista ta faɗa masa, sau uku aka ce ta lallaɓa ta. Ta lallaɓa. Ta ɗora ta kan littattafan doka guda biyu don iska ta shiga ta ƙasa, tana yi mata fifita da bangon fayil.

Ranar Talatar suna kan shari'ar wata tela da mai shago ya ba ta sanarwar tashi ta saƙon waya, alhali yarjejeniyarsu ta ce sanarwa sai a rubuce. Ana son a san ko saƙon waya rubutu ne a idon kotu. Kwana uku mai sanarwa na tono, har ta samo hukuncin da ya yi magana a kan hakan ƙarara. Ta kai hannu za ta tura wa firinta ke nan, Gwaggo ta yi "tsss", wani warin roba ya tashi, fankar da ba ta taɓa shiru ba ta yi shiru. Mai gyara ya zo ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai. Ma'ajiyar cikinta ta ƙone, ko harafi ɗaya ba zai fito ba.

Washegari aka shigo da sabuwa fil a kwali. Mai sanarwa har ta goge teburinta ta matsar da kwandon shara. Aka wuce ta da kwalin, aka ajiye a teburin ƙaramin lauya, ɗan ƙanwar Barista da ya fara aiki bana. Ita aka ce ta riƙa jera fayil tukuna kafin a ga yadda za a yi.

Ƙaramin lauya ya wuni yana neman hukuncin, ya kwana ya sake komawa kai, sabuwar tana amayo masa dubbai yana sosa ƙeya. Ranar Alhamis ya fita cin abinci ya bar ta a buɗe. Mai sanarwa ta ɗosana a bakin kujerarsa, ko zama sosai ba ta yi ba. Ta tuna kotun, ta tuna shekarar, ta tuna kalma uku da alƙalin ya jera. Minti goma hukuncin ya fito, ta buga, ta ajiye a teburin Barista. Da la'asar Barista ya fito yana kaɗa takardar, ya dafa kafaɗar ɗan ƙanwarsa yana yabon saurin sabon kaya. Ƙaramin lauya ya sunkuya yana kallon takalminsa. Mai sanarwa tana tsaye taku biyu daga wurin, rungume da fayil.

Gwaggo, an yafe miki jinkirin safiya. An yafe miki sumar da kika riƙa yi ana sauri. Abin da ba a yafe ba shi ne, shekara huɗu kina cin yabon da ba naki ba, da kika tashi tafiya kuma kika tafi da shaidar da mai shi za ta nuna, kika bar wa wata sabuwa gadon yabon.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif a wuya, da maus mai ɗingishi, da aminiyarta firinta wadda tuni ta koma gaishe da sabuwa kamar ba a yi komai ba. Ta kuma bar zanen ƙura mai kusurwa huɗu a kan tebur, wanda har yau ba a samu ƙarfin zuciyar gogewa ba.

Za a yi mata sutura da kwalin takardar firinta ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, a kai ta makwancinta a saman kabad, kusa da fayilolin shari'un da aka rufe. Ana karɓar gaisuwa a teburin bakin ƙofa, in har teburin ya kai lokacin, don an ji ana auna wurin za a sa kujerar baƙi.

Kwafi ɗaya na wannan sanarwa yana saman fayilolin safe a teburin Barista. Mai sanarwa ba ta iya haɗa ido da manya ba, ta kuma yi wata uku tana haɗiye wata tambaya tare da yawu, shi ya sa ta ga gara ta yi ta a rubuce, kada a ce ba a ba da sanarwa ba.

Ranka ya daɗe, duk shekara huɗun nan, da gaske ba ka san ni ce nake nemowa ba, ko ka sani?