Yadda Za Ka Sabunta Laburaren Manhaja Ka Fito Gwarzo

Labari ya zagaya dangi cewa Autana ya ceto kamfaninsu. Wai wata sabuwar ma'aikaciya ce ta taɓa abin da ya fi ƙarfinta, manhajarsu da ke kama wa marasa lafiya layi a asibitoci ta birkice, shi kuma ya naɗe hannun riga ya gyara kafin shayinsa ya huce. Yayyensa mata har da hawayen murna a waya. Ita kuwa yarinyar, an ce aikinta na reto, manya za su zauna a kanta.

Ni na haife shi, kuma ban taɓa ganin ya gyara ko mariƙin ƙofa ba. Sai na ce ya kai ni ofis in ga inda ake wannan jarumtar. Na samu kujera kusa da injin ruwan sha, na jingine sandata, na yi ta tambayar wauta. Ba a ɓoye wa tsohuwa komai, don an ɗauka ba ta ganewa. Abin da na kwaso shi ne na tsara maka a nan. Ka bi shi daki-daki, na yi maka alkawarin ƙarin girma, tabbas, ko da ba ka iya komai ba. Musamman ma idan ba ka iya ba.

Mataki na ɗaya: Ka san ɗan aikenka, amma sama-sama

Laburare a bakin mutanen nan ba ɗakin littattafai ba ne. Guntun aiki ne da wasu suka rubuta, ka ara ka liƙa a manhajarka. Wanda muke magana a kai ɗan aike ne: mara lafiya ya danna waya yana son ganin likita, shi zai kai saƙon ga kwamfutar asibiti ya dawo da amsa. Masu shi kan fitar da sabon samfuri jefi-jefi, su toshe ramukan tsohon. Iya wannan ya ishe ka cika baki a taro. Wanda ya san fiye da haka shi ake ɗora wa aikin.

Mataki na biyu: Ka bar shi ya tsufa

Mai sabuntawa duk fitowar sabon samfuri ƙaramin aiki yake yi, kuma babu mai yaba ƙaramin aiki. Ka bari samfuri ya wuce samfuri, har kwamfutar ta gaji da yi maka gargaɗi. Duk wanda ya tayar da zancen, ka tsuke fuska ka ce, "Muna nazari." Ranar da Manaja ya jiyo a wani taro cewa tsohon samfuri ƙofar ɓarayi ce, ya dawo yana huci, to lokacinka ya yi.

Mataki na uku: Ka nemo hannun da ba naka ba

Sabuntawar kanta canza lambar samfuri ce a layi ɗaya, sai dai kwamfuta tana riƙe sunan wanda ya canza. Don haka ka duba wanda ba a tabbatar da shi a aiki ba tukuna. A ofishin Auta akwai wata, har yau ba su koyi sunanta ba, Sabuwa suke ce mata. Teburinta na bakin ƙofa, inda sanyin na'ura ba ya kaiwa. Kada ka kuskura ka rubuta mata umarni. Ka tsaya a kanta da kofi a hannu, ka ce:

"Sabuwa, ga dama ta samu. Ɗan ɗaga mana lambar nan."

"Yallaɓai, ni kaɗai?"

"To da wa? Haka ake koyon aiki. Ni ma haka aka yi mini."

Ba a yi wa Auta haka ba, amma jimlar tana da daɗin faɗa.

Mataki na huɗu: Ka yi imani da kore

Kafin a saki kowane gyara, manhaja kan yi jarrabawa. Idan ta ci, allo ya yi kore, kowa ya yi hamdala. Na daɗe ina koyarwa ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, don haka na tambayi wani dogon ma'aikaci mai cin gyaɗa a tebur yadda ake jarraba ɗan aiken.

"Mama, ai a gwaji ba ma tura na gaskiyar, ɓata lokaci ne. Akwai na bogi da aka ƙera, duk abin da ka aike shi sai ya ce an kai."

"Wato kun canza ɗan aike, kuka jarraba wani daban?"

"Ko'ina haka ake yi, Mama."

"Wa ya ƙera na bogin, ɗana?"

Ya nuna ofishin Auta da haɓa, ya miƙo mini gyaɗa.

Ka ga hikima. Ɗalibin da ke rubuta wa kansa tambaya, ya ba wa kansa maki, bai taɓa faɗuwa ba. Idan yarinyar ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yallaɓai, ko mu gwada da asibiti ɗaya tukuna?" sai ka nuna allon da kofinka. "Kin fi kwamfuta sani ne? Kore fa, kore shar."

Mataki na biyar: Kada ka karanta bayanin masu kaya

Masu laburaren sun rubuta abin da suka sauya. Tsohon ɗan aike, in ya tarar kwamfutar asibiti ta cika, yakan koma ya sake ƙwanƙwasawa da kansa. Sabon sau ɗaya yake zuwa, sai in an ce masa ya sake. Manhajarku kuwa ba ta jiran amsa, ta riga ta saba ce wa mara lafiya an kama masa layi. Wanda ya karanta wannan ya zama mai alhaki, wanda bai karanta ba ya zama mai mamaki. Ka zaɓi mamaki.

Mataki na shida: Ka ɓace, sannan ka bayyana

A saki gyaran, ka shiga wani taro, ka kife wayarka. Washegari mutane za su cika asibitoci suna nuna waya, akawu yana cewa babu sunansu. Wani dattijo ya hana kansa karin kumallo don gwajin jini, wata ta ɗauko jariri daga nesa. Ka bari wayoyin ofis su yi ta ƙara, har Manaja ya fito yana tambayar wa ya taɓa. Kada ka amsa, kwamfuta za ta amsa maka.

Sai a lokacin ka fito. Ka cire agogo ka ajiye. Ka ce kowa ya yi shiru. Ka buɗe baƙin allon nan mai fararen haruffa, ka riƙa ajiyar zuciya. Abin da kake yi a allon kuwa, ka juya shi bango, kada kowa ya leƙa.

Mataki na bakwai: Ka yafe mata a gaban kowa

Wannan shi ne gwanintar. A taron bin ba'asi, ka riga kowa magana: "Ba mai laifi muke nema ba. Yarinya ce, kowa na kuskure." Za ta buɗe baki. Ka ɗaga mata hannu cikin tausayi, ka ce, "Kada ki damu, ni ban riƙe ki ba." Wanda aka yafe wa a bainar jama'a ba ya da bakin cewa ba shi ba ne.

Mataki na takwas: Kada ka ji tsoron uwarka

A mota na ce, "Auta, wa ya ce ta ɗaga lambar?"

"Umma, abin nan yana da sarƙaƙiya, ba za ki gane ba."

"Gwada ni mana."

Ya ƙara muryar rediyo.

Na sa yayarsa ta mayar da ni ofishin, na shiga wajen Manaja, na faɗa masa komai dalla-dalla, har da na bogin. Ya saurare ni da murmushi, ya ce, "Mama, Allah ya ƙara lafiya, kin haifi gwarzo." Ya ba ni lema mai tambarin kamfani, ya raka ni har ƙofa.

Wanke hannu

Ni dai tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ban aiki kowa ba. Idan ka bi matakan nan barci ya ƙaurace maka, ko wata rana ka je asibiti aka ce babu sunanka, ko sabon shugaba ya tsaya a kanka da kofi a hannu, kada ka neme ni. Ban san ka ba, ban san manhajarka ba.

Ga abin da na tabbatar. Sabuwa ce ta canza lambar, Auta ne ya ce ta canza. Gyaran da ya yi shi ne mayar da tsohuwar lambar. An sallami yarinyar, shi kuma an ba shi ofis mai taga. Laburaren har yau tsohon ne.